Neman shawara: in bari a fesa soson tare sanyi a ƙarƙashin rufin gidanmu?

Maman Husna, Bradford

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini da kuma ma'aikatan lafiya da ke wannan zaure. Muna zaune a Bradford, cikin irin tsofaffin gidajen nan na dutse da ke manne da juna a jere, waɗanda aka gina tun kafin yaƙin duniya na farko. Da zarar hunturu ya kama, ɗakunan sama ba sa riƙe ɗumi, kuɗin gas yana cin mu, kuma kowace safiya sai na goge ruwa daga gilashin tagogi. A kusurwar ɗakin yara, bayan kabad ɗin kaya, baƙar fumfuna ta fito, ina wankewa tana dawowa.

A makon jiya wani kamfani ya turo wakilinsa, ya hau cikin silin ya duba, ya sauko ya ce maganin matsalarmu shi ne a fesa soso a ƙarƙashin rufin, irin wanda yake fitowa kamar ruwa sannan ya kumbura ya daskare tsakanin katakai. Ya ce aikin yini ɗaya ne, zai toshe duk wata kafar iska, danshin zai ɗauke, kuma idan muka sa hannu kafin ƙarshen wata za a yi mana rangwame. Maigida ya so ya amince, ni ce na roƙe shi ya dakata, domin 'yarmu ta biyu tana fama da asma, har turaren wuta na daina sawa saboda ita. Ina so in san ko wannan soso yana fitar da wani abu mai cutarwa bayan an fesa shi, da kuma ko gaskiya ne yana kawar da danshi. Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Gini, Manchester

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba yarinya lafiya. Kin yi daidai da kika sa aka dakata, kuma zan fara da batun danshi tunda shi ne ɓangarena, in bar na lafiya ga masu shi.

Ruwan da kike gogewa a gilashi ba daga waje yake shigowa ba, a cikin gidan ake samar da shi. Girki, wanka, numfashin mutanen gida, da shanya kayan wanki a kan hita, duk suna cika iskar ɗaki da tururi, kuma gidajenmu na Hausawa sun fi na maƙwabta yawan tukunya a kan wuta. Iska mai ɗumi tana ɗaukar tururi da yawa, amma da ta taɓa wuri mai sanyi sai ta sauke shi ya koma ruwa, kamar yadda kwalbar lemo take gumi idan an fito da ita daga firij. Wannan iska tana hawa sama ta ƙofar shiga silin da ramukan fitilu, ta tarar da ƙarƙashin rufi mai sanyi. Magina na da sun san da haka, shi ya sa suka bar iska tana shiga ta bakin rufin tana ratsawa, tana kwashe laimar kafin ta jiƙa katako. Rufin gidanku an yi shi ne domin ya zauna da sanyi kuma iska tana kai-komo a cikinsa, kafofin da wakilin kamfanin yake cewa zai toshe su ne suka kare katakon shekara ɗari.

Soson iri biyu ne. Akwai mai laushi, wanda ƙofofin jikinsa a buɗe suke, nauyinsa kusan kilo 8 ne a kowace mita kubik (tsawo, faɗi da zurfi mita ɗaya-ɗaya), kuma tururi yana ratsa shi. Idan aka fesa shi kai tsaye a jikin tsohuwar shimfiɗar kwalta da ke ƙarƙashin rufi, tururin zai bi ta cikinsa ya isa shimfiɗar, ya koma ruwa a can, a daidai inda rafta take manne, kuma babu iskar da za ta busar da shi. Akwai kuma mai tauri, wanda ƙofofinsa a rufe suke, ya ninka na farko nauyi kusan sau huɗu, ya fi tare sanyi, kuma tururi ba ya ratsa shi da sauƙi. Matsalarsa ta ɗaya gefen take zuwa: idan falle ɗaya na dutsen rufi ya zame ruwan sama ya shigo, ba zai ɗigo a silin ku gani ba, zai kwanta a jikin katakon da soson ya lulluɓe. Katako kuwa idan laimar jikinsa ta haura kashi 20 cikin 100 ta daɗe a haka, ruɓewa yake somawa. A tsofaffin rufin dutse ƙusoshi suna yin tsatsa su saki, gyaran da aka saba shi ne a zare falle ɗaya a mayar da wani, amma idan soso ya manne su gaba ɗaya, ba a iya zare ɗaya ba tare da fasa na kusa da shi ba.

Wannan ne ya jawo matsala ta biyu, wadda ta fi damun mutane a nan Birtaniya. Safiyon da banki yake turowa ya kimanta gida yana son ya ga katakon rufi da idonsa, idan soso ya rufe ba zai iya cewa lafiyarsa ƙalau ba. An ƙiyasta gidaje kusan 250,000 ne ke da wannan soso a ƙasar nan, wasu ma da tallafin gwamnati aka fesa musu a ƙarƙashin shirin Green Homes Grant, wanda ya fara a 2020 aka rufe shi a watan Maris na 2021. A ƙarshen 2024 BBC ta bincika ta gano cewa kashi ɗaya cikin huɗu na manyan masu ba da bashin gida ba sa karɓar gidan da ke da soson a rufinsa, sauran kuma yawanci sai an kawo takardu da rahoton ƙwararre. Ƙungiyar safiyoyi ta RICS ta fitar da jagora ga masu gidaje a kan batun a 2023. Ko da ta tsarin sayen gida na Musulunci kuka mallaki naku, duk wanda zai saya daga hannunku nan gaba sai an kimanta masa gidan. Cire soson kuma aikin dubban fam ne, da hannu ake kankare shi, wani lokaci sai an sauke rufin ɗungurungum.

Abin da nake ba da shawara a gida irin naku shi ne a shimfiɗa audugar gilashi ko ta dutse a kan silin, kauri milimita 270, wato 100 tsakanin katakai sannan 170 a gicciye a kansu, a bar bakin rufi a buɗe domin iska ta ci gaba da wucewa. Ya fi arha nesa ba kusa ba, ana iya ɗaga shi a duba katako a mayar, kuma ɗumin yana tsayawa a ɗakunan da kuke kwana maimakon a riƙa ɗumama sararin da babu kowa a ciki. Idan kuma har an riga an sa hannu a wata takarda a cikin gidanku, doka ta ba ku kwana 14 ku janye.

Ma'aikaciyar Lafiya, Leeds

Salam Maman Husna, Allah ya ƙara wa yarinya sauƙi. Aikina duba lafiyar ma'aikatan masana'antu ne, saboda haka sinadarin da ke cikin wannan soso ba baƙo ba ne a wurina.

Ba a masana'anta ake haɗa soson a kawo shi gamamme ba, a cikin gidanki ake haɗa shi, kuma nan ne asalin haɗarin yake. Motar masu aikin tana ɗauke da duro biyu. Ɗaya yana ɗauke da sinadarin aisosiyanet, nau'in da ake kira MDI, ɗayan kuma yana ɗauke da haɗin foliyol tare da sinadaran amin masu hanzarta daskarewa, da maganin rage kamawar wuta, da abin da ke sa kumburi. Ana ɗumama su, a tura su ta mesa, su haɗu daidai wa daida a bakin bindigar feshi. Aisosiyanet yana cikin manyan abubuwan da ke haddasa asma ta dalilin sana'a a Birtaniya, kuma masu fentin mota ne suka fi kamuwa, domin akwai danginsa a cikin fentin da ake haɗawa da ruwan ƙarfafawa. Muguntarsa ita ce jiki yana iya ƙinsa gaba ɗaya: da zarar hakan ta faru, ɗan ƙanƙanin da ba ya damun kowa sai ya tayar wa mutum da numfashi, kuma sau da yawa ba nan take ba, sai cikin dare bayan sa'o'i, har mutum ya kasa gane dalili. Shi ya sa mai feshi na ƙwarai yake rufe jikinsa duka, ya sa abin rufe fuska wanda ake turo masa iska mai tsabta ta mesa. Tarayyar Turai ta wajabta horo ga duk mai aiki da wannan sinadari tun daga 24 ga Agusta 2023, jihar Kalifoniya kuma ta sanya irin wannan soso cikin kayayyakin da take sa wa ido na musamman tun 2018.

Adalci shi ne in ce idan an haɗa shi daidai kuma ya gama daskarewa, aisosiyanet ɗin ya riga ya koma roba, haɗarinsa ya ragu ƙwarai. Masu ƙera shi galibi suna cewa mutanen gida su fita lokacin aiki, kada su dawo sai bayan aƙalla sa'a 24 ana shigar da iska, wasu nau'o'in ma fiye da haka. Duk kamfanin da ya ce miki kuna iya zama a falo yayin da ake feshi a sama, ya nuna miki bai san aikinsa ba ko bai damu da ku ba. Inda ake samun koke mai daɗewa shi ne idan haɗin ya karkata, ko an fesa a kan katako mai sanyi ko jiƙaƙƙe, ko an zuba da kauri fiye da kima a tashi ɗaya. Sai a samu soson da bai nuna ba, yana danƙo ko yana marmashewa, yana fitar da wari mai kama da ƙarnin kifi, wanda daga sinadaran amin yake zuwa, mazauna gida su yi ta fama da ciwon kai da ƙaiƙayin ido da maƙogwaro tsawon watanni. Irin wannan ba ya gyaruwa da buɗe taga, sai an kankare, kankarewar kuma tana tayar da ƙura mai yawa. Sannan idan gobara ta kama shi, hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid da sayanaid, shi ya sa dokar gini a Amurka take neman a rufe shi da allon filasta a wuraren da mutane ke zama.

Amma 'yar'uwa, abin da ya fi tayar min da hankali a saƙonki shi ne fumfunar da ke ɗakin yara, domin ita tana nan yanzu, yarinya tana shaƙarta kowane dare. Duk wanda ke ƙasar nan ya ji labarin Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu mazaunin Rochdale da ya rasu a watan Disamba na 2020, mai binciken musabbabin mutuwa ya tabbatar a 2022 cewa daɗewa cikin fumfuna ce ta yi ajalinsa. Ki ja kabad ɗin nesa da bango, ki sauya wa yarinyar wurin kwana idan da hali, kuma ki gaya wa likitanta ko nas mai kula da asmarta cewa akwai danshi a gidan.

Baban Khalifa, Kalgari

Salamu alaikum. Na karanta bayanan Injiniya da na Ma'aikaciyar Lafiya, na ƙaru, amma ina ganin bai kamata mai karatu ya tashi da tunanin cewa soson nan sharri ne zalla ba. A nan Kanada sanyi yana sauka ƙasa da digiri 30 a ƙarƙashin sifili, kuma nau'i mai tauri yana aiki sosai a bangon ɗakin ƙarƙashin ƙasa da kuma inda katakon bene ya haɗu da harsashin gini, wuraren da auduga take jiƙewa ta yi baƙi. A gidana an fesa a waɗannan wurare, muka bar gidan kwana biyu, muka dawo babu wari, sanyin da ke tasowa daga ƙasa ya ɗauke. Bambancin shi ne mai feshin yana da shaidar horo, ya auna laimar katako kafin ya fara, ya bar mana takardar da ke nuna sunan kayan da kaurin da ya zuba, kuma gidan yana da injin da ke fitar da tsohuwar iska ya shigo da sabuwa dare da rana. Gidan da aka toshe ba a yi masa hanyar numfashi ba, tururin girki da duk wani hayaƙi a ciki za su tsaya.

Tsoron da mutanen nan suke yi wa kalmar soson bango yana da tarihi. A shekarun 1970 gwamnati ta tallafa wa mutane suka ɗura wani nau'i mai sinadarin fomaldihaid a bangayensu, koke ya yi yawa, aka haramta shi a watan Disamba na 1980, darajar gidajen da ke da shi ta faɗi. Na yanzu wani sinadari ne daban, sai dai abin da Injiniya ya faɗa game da bankunan Birtaniya ya nuna cewa labarin tallafi da gaggawa da ma'aikata marasa horo ya sake maimaita kansa.

Ɗan Fagge, Kano

Allah ya ƙara basira. Injiniya, ka yi haƙuri in tsoma baki da tawa tambayar tunda batun ɗaya ne. Mu a nan zafi ne damuwarmu, kuma na ga masu ɗakunan sanyaya kaya da wasu gidajen kaji suna fesa irin wannan soso a ƙarƙashin kwano. Shin idan na yi haka a gidan zama, matsalar danshin da ka bayyana za ta same ni?

Injiniyan Gini, Manchester

Baban Khalifa, ban saɓa maka ba ko kaɗan, kuma wuraren da ka ambata su ne inda soso mai tauri ya fi kowane abu dacewa. Gidanka an tsara shi ne a kan ya zama a toshe da injin sauya iska, na Hajiya kuwa an tsara shi a kan iska ta riƙa ratsa shi, to ɗaukar maganin wancan a kai wa wannan shi ne gyaran gangar auzinawa.

Malam na Fagge, a Kano lissafin ya juya. A watannin Maris zuwa Mayu iska a bushe take, kwano yana ɗaukar zafin da hannu ba ya iya taɓawa, kuma soso mai tauri a ƙarƙashinsa yana rage zafin da ke saukowa ƙwarai, yana kuma rage ƙarar ruwan sama. Danshi ba zai dame ka ba sai da damina, musamman a watan Agusta. Idan kwanon yana yoyo a bakin ƙusa, ruwan zai maƙale tsakanin soso da kwano ya haifar da tsatsa, ya jiƙa katakon da ke riƙe da shi, gara kuma tana iya yin hanya ta cikin soson ba tare da ka gani ba. Saboda haka sai an gyara duk yoyo, kwanon ya bushe, babu ƙura babu mai a jikinsa, kafin a fesa, kuma kada a yarda da nau'i mai laushi a jikin ƙarfe. Abu biyu sun fi damuna a can: wayoyin lantarki da ake shimfiɗawa a cikin silin ba tare da bututu ba, waɗanda idan soso ya binne su zafi yana taruwa a jikinsu, da kuma yaran da ake ba bindigar feshi da ƙyallen rufe hanci kawai, wanda ba ya tare wannan sinadari. Kafin ka kai ga soso, ka gwada farin fenti a kan kwanon, da buɗe kafofin iska a cikin silin, da shimfiɗa takardar alminiyom mai mayar da zafi a ƙarƙashinsa, domin sun fi sauƙin kuɗi kuma ba sa ɓoye maka komai.

Maman Husna, Bradford

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku da gidan Aljanna. Mun gaya wa kamfanin ba za mu yi ba, kuma yarinyar ta koma ɗakinmu kafin mu shawo kan fumfunar. Maigida ya hau silin da tocila kamar yadda bayanin Injiniya ya sa mu tunani, ya tarar da baƙar shimfiɗar kwalta a ƙarƙashin rufin tana ɗigar ruwa, audugar da ke kan silin siririya ce ba ta kai tsawon yatsa ba, wani ya cusa ta har bakin rufin ya toshe shi. Ya kuma ga mesar fankar banɗaki a yashe a kan audugar, ba ta fita waje. Injiniya, da wanne ya kamata mu fara?

Injiniyan Gini, Manchester

Hajiya, ku fara da mesar banɗakin a cikin makon nan, domin duk tururin wankan gidan a cikin rufinku yake sauka, kuma shi kaɗai ya isa ya sa shimfiɗar ta yi ta ɗiga. A samo mai gyaran rufi ya fitar da ita waje ta kafar fitar da iska da ake sawa a jikin rufi ko ta bango, a naɗe mesar da auduga domin kada tururin ya koma ruwa a cikinta. A rana ɗaya a janye audugar da ta toshe bakin rufin, a sa robar liƙewa a kewayen ƙofar shiga silin. Ku bar wurin ya sha iska makonni kaɗan, sannan a soka ma'aunin laima a jikin raftoci, musamman na ɓangaren arewa da kusa da bututun hayaƙi, idan ya nuna ƙasa da kashi 20 sai a ƙara audugar ta kai milimita 270. A kicin a riƙa rufe tukunya ana kunna fanka, a rufe ƙofa lokacin girki, wanki kuma a shanya shi a ɗaki ɗaya da taga a ɗan buɗe ko da injin tsotse danshi. Ki sayi ƙaramin ma'aunin laimar iska ki ajiye a ɗakin yara, ki nemi ya riƙa tsayawa tsakanin kashi 40 zuwa 60. Idan bayan duk wannan kusurwar ta ci gaba da yin baƙi, a duba indararo da siminti tsakanin duwatsun bangon ta waje, domin a lokacin ruwan sama ne yake ratsowa ta wurin.